Yaƙin da Ake Yi a Kan Tebur

A shekarar 1824, wani matashin laftanar na sojan igwa mai suna Georg von Reisswitz ya shimfiɗa taswira a gaban babban hafsan sojojin Furusiya, Janar Karl von Müffling, a birnin Berlin. Ya jera 'yan guntayen dalma masu launin ja da shuɗi, kowanne a madadin runduna guda. Da farko janar ɗin bai nuna wata sha'awa ba. Amma kafin a tashi ya shaida wa na kusa da shi cewa abin ya wuce wasa, horon yaƙi ne sosai, kuma zai ba da shawarar dukkan rundunar sojan ƙasar ta rungume shi. Mahaifin laftanar ɗin ne ya fara ƙirƙiro wasan, har ya kai wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku a 1812, ɗan kuma ya gyara shi ya dace da bariki. Sunansa Kriegsspiel.

Abin da ya raba shi da dara shi ne alƙali. Ɗan wasa ba ya taɓa rundunarsa yadda ya ga dama. Rubuta umarni yake yi ya miƙa, alƙali ya lissafa tsawon lokacin da saƙo zai ɗauka kafin ya isa, ya jefa ƙwaya irin ta ludo, sannan ya faɗi abin da ya auku. Da Furusiya ta murƙushe Faransa a 1870 zuwa 1871, sai sojojin sauran ƙasashe suka yi rububin koyo.

Fitowarsa daga bariki zuwa falon gida aikin 'yan kasuwa ne da marubuta. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya soma zuba sojojin dalma masu rami a ciki, abin da ya karya farashinsu. A 1913 marubuci H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars, inda manyan mutane ke rarrafe a ƙasa suna harbin sojojin juna da 'yar igwa mai sifirin, ana auna tafiya da zare: mai tafiya a ƙasa ƙafa ɗaya, mai doki ƙafa biyu. Wells ya tsani yaƙi, kuma fatansa shi ne duk wanda ya buga ya gane irin ɓarnar da na gaskiya ke yi. Shekara ɗaya bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Rundunonin zamanin da, wato Rumawa da Girkawa da Farisawa da giwayen Hannibal, sun samu gindin zama ne a Southampton, garin tashar jiragen ruwa a kudancin Ingila. Can Tony Bath ya rubuta ƙa'idojinsa a 1956, yana wasa da 'yan mutum-mutumin kuza masu faɗi da ake yi a Jamus. Abokin karawarsa Donald Featherstone, tsohon sojan tankar yaƙi kuma mai gashin ƙashi da jijiya na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin, ya buga littafin War Games a 1962, wanda ya jawo jama'a da dama. A 1965 Bath ya kafa Society of Ancients, wadda har yanzu take fitar da mujallarta Slingshot.

Sai dai wasa tsakanin abokai daban, gasa daban. Baƙi biyu da suka haɗu a zauren gasa ba su da alƙalin da zai zauna musu, saboda haka dole littafi ya zama alƙali. Wannan giɓin ne Phil Barker da Bob O'Brien da Ed Smith suka cike a 1969 da suka kafa Wargames Research Group. Suka sa wa kowane irin soja maki, suka tsara jerin abin da kowace daula ta mallaka, ta yadda ba wanda zai cika rundunar Ruma da giwaye don son ransa. Adalci ya samu, amma da tsada. Mutum-mutumi ɗaya yana wakiltar mutum 20, ana rubuta waɗanda suka mutu a takarda, ana duba jadawali bayan jadawali, wasa ɗaya ya cinye yamma guda. Sabon shiga kuwa sai ya shafe watanni yana fentin ɗaruruwan sojoji kafin ya jefa ƙwayarsa ta farko. Ga kuma Turancin Barker, wanda har Turawan kansu ke kuka da sarƙaƙiyarsa.

A 1990 Barker ɗin dai, tare da Richard Bodley Scott da Sue Laflin-Barker, ya fitar da ɗan siririn littafi mai suna De Bellis Antiquitatis, wanda kowa ke kira DBA. A nan ne ƙofa ta buɗu wa mai gwadawa karon farko. Runduna rukuni 12 ce kacal, kowane rukuni 'yan sojoji ne masu tsayin milimita 15 manne a kan ɗan faifai. Fili murabba'i ne na santimita 60. Wanda ya rasa rukuni huɗu ya sha kashi, kuma galibi ba a cika awa ɗaya.

Hikimar tana cikin jifa ɗaya da ake yi a farkon kowane zagaye. Lambar da ƙwaya ta nuna, daga 1 zuwa 6, ita ce adadin umarnin da kwamanda zai iya bayarwa. Sahun da ke haɗe kafaɗa da kafaɗa umarni ɗaya ya ishe shi. Wanda ya watse kuwa, kowane yanki sai an biya nasa. Nan sabon ɗan wasa ke shan mamaki: ya aika mahaya dama, maharba hagu, sai ƙwaya ta ba shi 1 daidai lokacin da giwayen abokin gaba suka doso. Giwa tana tattake barade masu sulke, amma 'yan tsirarun masu jifa da majajjawa na iya gamawa da ita. Abin da alƙalin Reisswitz ke koya wa hafsoshi ke nan, cewa umarni ba ya isa ko'ina a lokaci guda, sai ga shi an dunƙule shi cikin ƙwaya ɗaya. Ba ƙaramar basira ba ce, kuma ta fi tulin jadawalin da ta maye gurbinsa kusa da abin da tarihi ya ruwaito.

Akwai abin da ke damun masu kishin tarihi: a gasa, rundunar Fir'auna na iya karawa da ta Mongol, alhali shekaru fiye da dubu biyu ne a tsakaninsu. Shi ya sa wasu masu shirya gasa ke ƙayyade zamani ko yanki.

Jerin rundunonin DBA ya haura 300, daga shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa wajen 1500 bayanta. A cikinsu akwai na Yammacin Sudan, wanda ya haɗa Mali da Songhai da Kanem-Borno da ƙasashen Hausa, kuma da sunayen Hausa aka kira dakarunsa: 'yan lifidi, 'yan kwarbai, 'yan baka, 'yan mashi, har da zagi. Cusa daulolin ƙarni shida cikin jeri guda bai yi musu adalci ba, ganin yadda Ruma kaɗai ta samu jeri da yawa. Duk da haka, akwai Bature a Ingila ko Ostareliya da ke zaune da ɗan buroshi yana zana lifidin doki. Jerin na Yammacin Sudan ya fara daga shekarar 1000, ya zarce har 1591, shekarar da bindigogin Maroko ƙarƙashin Judar Pasha suka tarwatsa rundunar Askiya Ishaƙ na Biyu a Tondibi, kusa da Gao.