Asalin Filashar da ke Shigar Burtu

Tun da ilmin tsaron kwamfuta ya fara samun gindin zama a makarantunmu, ake tafka muhawara a nan Sakkwato a kan wata 'yar na'ura mai siffar filasha, wadda da zarar an cusa ta a kwamfuta sai ta shiga rubuta umarni da kanta, har ta kai ga buɗe kyamarar da ke goshin allo ta ɗauki hoton mai zama gabanta. Waɗansu na ganin koyar da ita buɗe ƙofar fitina ne, waɗansu kuwa na ganin jahiltarta ce fitinar.

Mafarin al'amarin yana komawa ga Janairun 1996, lokacin da kamfanoni bakwai, cikinsu har da Intel da Microsoft da IBM, suka fitar da ƙa'idar USB domin kafa ɗaya ta wadatar da na'urori mabambanta. A cikin wannan ƙa'ida aka bar wa kowace na'ura ta faɗi sunanta da bakinta, kwamfuta kuma ta gaskata ba shaida ba rantsuwa; shi kuwa kibod, kasancewarsa wakilin hannun mai kayan, aka ba shi amana cikakkiya. A ra'ayina nan ne ɓarakar take, kuma duk abin da ya biyo baya reshe ne.

Masu jingina asalin ga Stuxnet, wanda aka gano a 2010 bayan ya ɓata injunan nukiliyar Iran a Natanz, sun haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba, domin shi mugun shiri ne da ake ɗauka a cikin filasha, ɗan uwan wanda ke cinye wa ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo ayyukan bincikensu a shagunan buga takardu, kuma Microsoft ya rage kaifin irinsa sa'ad da ya hana filasha buɗe shiri da kanta a Windows 7 cikin 2009. Ita kuwa na'urar da muke magana a kanta ba ta zo da wani fayil da mai gadi zai bincika ba, shigar burtu ta yi, ta ce ita kibod ce. A 2010 Darren Kitchen na Hak5 ya fito da irin wannan na'ura mai suna USB Rubber Ducky, a 2014 kuma Karsten Nohl da Jakob Lell suka nuna a Las Vegas cewa ko filasha ta kasuwa ana iya sauya mata hali ta yi wannan da'awa ta ƙarya. Ban yarda da masu ɗora wa waɗannan mutane laifi ba, alhali aibin ya girmi aikinsu da aƙalla shekara goma sha huɗu, ko da yake hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a 2022 cewa ɓarayin FIN7 na aika wa kamfanoni irin wannan na'ura ta gidan waya.

Batun kyamara shi ya fi tayar mini da hankali, saboda a nan ba dukiya ake taɓawa ba, hurumin gida ne da al'aurar iyali. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun tabbatar a 2013 cewa ana iya kunna kyamarar tsohuwar MacBook fitilarta ba ta haska ba, har James Comey, shugaban FBI na lokacin, ya faɗa a 2016 cewa yana liƙe tasa.

Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba izini, kuma tun kafin ta Suratul Hujurati ta hana tajassusi. Don haka malamanmu su koyar da wannan ilmi, amma bisa sharaɗin izini a rubuce da kwamfutar gwaji wadda ba ta kowa ba. Kai kuma mai karatu, kada ka cusa filashar tsintuwa a kwamfutarka.