Karatun wasan kwaikwayo a jami'a: me ake koyarwa, ina kuma yake kai ɗalibi?

A duk shekara dubban matasa ne ke kammala digiri a fannin wasan kwaikwayo a jami'o'in Amurka da Birtaniya da Najeriya, amma kaɗan ne daga cikinsu ke samun abin rufin asiri daga fitowa a dandamali ko a fim kaɗai.

Wannan ne ya sa aka daɗe ana muhawara a kan hanyar da ta fi dacewa a bi wajen horar da su.

Wasu na ganin kamata ya yi ɗalibi ya duƙufa ga koyon sana'ar zalla, tun daga sarrafa murya har zuwa motsa jiki. Wasu kuwa na cewa gara a ba shi ilmi mai faɗi, ya haɗa wasan da tarihi da adabi da falsafa da kimiyya, ta yadda idan wata ƙofa ta rufe zai iya shiga wata.

Wannan hanya ta biyu ta fi ƙarfi a Amurka, kuma akwai kamanninta a tsangayoyin fasaha na jami'o'in Najeriya.

Asalin tsarin

Tsarin faffaɗan ilmi ya samo asali ne daga tsohuwar Girka da Rum, kuma a kansa aka gina jami'o'in Turai na farko.

Fannoni bakwai ne ginshiƙansa: nahawu, da balaga, da manɗiƙi, da lissafi, da handasa, da ilmin taurari, da kuma ilmin kiɗa. Da dama daga cikinsu ba baƙi ba ne ga wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa, inda ake sa ran malami ya san nahawu da balaga kafin ya zauna yin tafsiri.

Manufar dai ita ce a fara gina tunanin mutum da harshensa kafin a tura shi ga wata sana'a.

Sai dai wasan kwaikwayo ya makara wajen shiga jami'a, domin an daɗe ana kallonsa a matsayin abin da ake koya a wurin maigida, ba a cikin aji ba.

A farkon ƙarni na 20 ne wani malamin Jami'ar Harvard, George Pierce Baker, ya soma koyar da rubutun wasa, yana kuma sa ɗalibai su gwada abin da suka rubuta a gaban 'yan kallo. Cikin waɗanda suka zauna a ajinsa har da Eugene O'Neill, wanda ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1936.

A shekarar 1914 Cibiyar Fasaha ta Carnegie da ke birnin Pittsburgh ta buɗe sashen farko a Amurka mai ba da digiri a fannin. Shi kuwa Baker ya koma Jami'ar Yale a 1925, inda ya jagoranci sashen da daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun makarantun wasan kwaikwayo a duniya.

Hanyoyi biyu

A Amurka akwai digiri iri biyu a wannan fanni, kuma kowannensu shekara huɗu ake yi.

Na farko shi ne wanda ake kira BFA, inda kusan kashi biyu cikin uku na darussan ɗalibi ke tafiya a kan sana'ar. Akasari sai an gwada mutum a gaban alƙalai kafin a ɗauke shi. Tsarin ya yi kama da na makarantun horo na musamman, irin su RADA da aka kafa a Landan a 1904, da sashen wasan kwaikwayo na makarantar Juilliard a New York, wanda aka buɗe a 1968.

Na biyu kuma shi ne BA, inda wasan kwaikwayo ke ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin uku, ko sama da haka kaɗan. Sauran lokacin ɗalibi na iya karanta tarihi, ko tattalin arziki, ko wani harshe, ko ilmin halayyar ɗan Adam. Da yawa kan haɗa fanni biyu a digiri ɗaya.

Abin da ake koya

Ɗalibin BA yakan fara ne da karatun rubutattun wasanni, tun daga na Girkawa da na Shakespeare har zuwa na marubutan Afirka da Asiya. Ana koya masa ya tambayi kowane wasa: wa ke magana, me yake nema, me ya hana shi samu, kuma a wane zamani aka rubuta.

Daga nan sai aikin hannu. Kafin ya kammala, ana sa ran ya taɓa fitowa a wasa, ya ba da umarni, ya ɗinka ko ya zaɓi suturar 'yan wasa, ya ɗaura fitilu, ya buga katako wajen gina dandamali, ya kuma sayar da tikiti.

Akwai kuma aikin mai kula da dandamali, wanda ke riƙe da jadawalin gwaji, da lissafin kaya, da umarnin lokacin da za a kunna kowace fitila. Aiki ne da 'yan kallo ba sa gani, amma idan ya lalace wasa ya lalace.

Malaman fannin kan jaddada abu guda: ranar buɗe wasa ba ta ɗaguwa. Ɗalibin da ya saba haɗa kan mutum ashirin ko talatin, da kuɗi kaɗan, su gama aiki a ranar da aka sanar, ya sami horon da ofisoshi da kamfanoni da dama ke nema.

Waɗanda suka bi hanyar

Meryl Streep, wadda ta lashe kyautar Oscar sau uku, ta yi digirinta na farko ne a Kwalejin Vassar a 1971, sa'annan ta je Yale ta sami horo na musamman, ta kammala a 1975.

Denzel Washington ya haɗa wasan kwaikwayo da aikin jarida a Jami'ar Fordham, inda ya kammala a 1977.

Ita ma Lupita Nyong'o, 'yar Kenya, ta karanta fim da wasan kwaikwayo a Kwalejin Hampshire. Ta yi aiki a bayan kyamara, ta kuma shirya fim a kan rayuwar zabiya a ƙasarta, kafin ta tafi Yale. Ta kammala a 2012, ta kuma sami Oscar a 2014.

Misalin da masu goyon bayan tsarin suka fi kawowa shi ne na Lin-Manuel Miranda, wanda ya kammala Jami'ar Wesleyan a 2002. Tun yana ɗalibi ya fara rubuta wasansa na farko da ya yi suna, ya kuma yi koyarwa a makarantar sakandare kafin ya tsaya da ƙafarsa. Wani littafin tarihi da ya karanta a kan sakataren baitulmalin Amurka na farko, Alexander Hamilton, shi ne ya zama wasan Hamilton a 2015, wanda ya sami kyautar Pulitzer a shekarar da ta biyo.

Sai dai abin lura shi ne, Streep da Nyong'o duk sun ƙara da horo na musamman bayan digirin farko. Ke nan faffaɗan ilmi ya zame musu tushe ne, wanda suka ɗora gini a kansa.

Kasuwar aiki

Alƙaluman sana'ar ba su da daɗin ji. A lokacin yajin aikin kwana 118 da ƙungiyar 'yan wasan fina-finai da talabijin ta Amurka, SAG-AFTRA, ta yi a 2023, ƙungiyar mai mambobi kimanin dubu 160 ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na 'ya'yanta ba sa samun dala 26,470 a shekara daga aikin, wato mafi ƙarancin abin da ake buƙata a wancan lokacin kafin mutum ya shiga inshorar lafiyarta.

Kafin nan, annobar korona ta rufe gidajen wasa na Broadway a New York daga watan Maris na 2020, kuma ba su koma aiki sosai ba sai a watan Satumban 2021.

Masu kare tsarin BA na cewa a irin wannan yanayi ne amfaninsa ke bayyana, domin wanda ya iya rubutu da bincike da gudanarwa zai iya komawa koyarwa, ko aikin jarida, ko talla, ko shirya taruka.

Masu suka kuwa na cewa ɗalibin yakan fito ya san komai kaɗan-kaɗan, alhali a wurin tantance 'yan wasa ba a tambayar digiri, iyawa ake dubawa. Suna kuma nuni da tsada, domin kuɗin makaranta a wasu kwalejoji masu zaman kansu ya haura dala dubu 60 a shekara. Wannan matsala ce ta sa aka yi ta yayata labarin kyautar dala miliyan 150 da attajiri David Geffen ya ba makarantar Yale a 2021, wadda ta sa aka daina karɓar kuɗin karatu a can.

Yadda abin yake a Najeriya

A Najeriya, Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe makarantar wasan kwaikwayo a farkon shekarun 1960, da tallafin Gidauniyar Rockefeller ta Amurka, a ƙarƙashin Geoffrey Axworthy. Daga baya Wole Soyinka, wanda ya sami Nobel a 1986, ya shugabance ta.

A arewa kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara koyar da fannin a tsakiyar shekarun 1970, a cikin sashen Turanci, bisa jagorancin Michael Etherton, wanda ya zo daga Zambiya. An gina wa ɗalibai gidan wasa na ƙasa da tsarin gidan Bahaushe, wanda Ba'amurke Steven Ehrlich ya zana.

Zariya ta yi suna ne da wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma. Ɗalibai kan shiga Samaru da ƙauyuka irin su Soba da Bomo, su zauna da jama'a, su ji matsalolinsu na gona da ruwa da lafiya, su mai da su wasa da Hausa, sa'annan a tattauna bayan an gama. Tsarin ya ɗauki darasi daga ayyukan Paulo Freire da Augusto Boal na Brazil, kuma malamai irin su Farfesa Oga Steve Abah sun ci gaba da shi.

Ɗalibin da ya yi wannan aiki ya koyi bincike da sauraro da sasanci, abubuwan da ƙungiyoyin raya ƙasa ke buƙata wajen wayar da kai.

Jami'o'in Jos da Bayero ta Kano ma suna da irin wannan sashe, yayin da sassan Hausa ke nazarin wasan kwaikwayo a matsayin reshe na uku na adabi, bayan zube da waƙa. A Jos ne kuma Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, ke da makarantar koyon aikin fim.

Waɗanda suka karanta fannin a ƙasar sun bazu a wurare dabam-dabam. Richard Mofe-Damijo, wanda ya yi Jami'ar Benin, ya zama fitaccen jarumi, ya kuma riƙe kwamishinan al'adu a jihar Delta. Reuben Abati, wanda ya yi Jami'ar Kalaba, ya zama ɗan jarida, ya kuma yi kakakin shugaba Goodluck Jonathan daga 2011 zuwa 2015.

Tazara da Kannywood

Masana'antar fina-finan Hausa dai ba daga jami'a ta fito ba. Ta taso ne daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni da na gidajen talabijin, irin su Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta fitar da Turmin Danya a 1990.

Akasarin 'yan wasan sun koyi aikin ne a bakin aiki. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a watan Janairun 2024, ilmin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos.

Amma kuma ƙorafin da aka daɗe ana yi wa masana'antar, na raunin labari da kwaikwayon fina-finan Indiya, ya shafi ainihin abin da jami'a ke koyarwa, wato rubutu da bincike da sanin tarihi da al'adar jama'a. Shirye-shirye masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24, sun ƙara buƙatar marubutan da za su iya riƙe labari na tsawon shekaru.

Akwai kuma batun yadda al'umma ke kallon sana'ar. Tun 2001 jihar Kano ke da hukumar tace fina-finai, kuma a 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a garin Kofa bayan da wasu malaman addini suka nuna adawa. Iyaye da dama na ɗari-ɗari da barin 'ya'yansu, musamman mata, su karanta fannin.

Malaman fannin kan amsa da cewa fitowa a fim ɗaya ce kawai daga cikin ƙofofin da digirin ke buɗewa, kuma wanda ya fi sanin addini da tarbiyyar jama'arsa shi ya fi cancanta ya rubuta musu labari.

Ga ɗalibin da ke shawarar shiga, abubuwan dubawa su ne yawan wasannin da sashen ke shiryawa a shekara, da ko akwai kayan aiki na haske da sauti da kyamara, da ko malaman na taɓa aikin da hannunsu, da kuma fannin da zai haɗa da shi domin ranar da babu wasa.