Tarihin Binciken Tsuntsun Shuni a Ƙasar Hausa

Wanda ya san tarihin Birnin Kano ya san ba gidaje kaɗai ganuwa ta kewaye ba. Sa'ad da Barth ya iso a 1851 ya tarar da babban rabo na cikin badala gonaki ne da fili, gari kuwa ya tattaru a sashe guda. Yau gini ya cinye yawancin wannan fili. A irin waɗannan gonaki, da kaka, lokacin da ciyawa ta nuna, a kan ga wani ɗan tsuntsu a kan reshe yana ta rera kuka, baƙi wul, yana sheƙi kamar rawani ɗan Kura da ya sha bugu. Dangin zalaidu ne, sai dai ba shi da dogon bindi. Masana sun sa shi cikin jinsin Vidua, Ingilishi kuwa da shuni su ke masa suna, saboda haka a nan ma tsuntsun shuni za a kira shi.

Turawan da suka fara nazarin tsuntsayen ƙasar nan da bindiga suka yi. Ernst Hartert, Bajamushe, ya zo Kano tare da Paul Staudinger cikin tafiyarsu ta 1885 zuwa 1886, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Bayan shekara talatin da 'yan kai, Hartert yana kula da tarin tsuntsayen Lord Rothschild a Tring ta Ingila, sai aka aiko Angus Buchanan. Shi kuma ya yi zango a Fanisau a ƙarshen 1919, kana ya wuce Azbin, fatun da ya tara kuwa Hartert ya yi bayaninsu a 1921. Hanyarsu ita ce a harbo tsuntsu, a feɗe, a busar, a auna fiffike, a gwada launi da launi.

To, wannan hanya ta yi amfani ga tsuntsaye da yawa, amma ga tsuntsun shuni sai ta cije. Mazan duk baƙaƙe ne, bambancinsu bai wuce sheƙi ba: wani ya yi kore-kore, wani shuɗi, wani ya karkata wajen ja. Matan kuwa ruwan ƙasa ne, ba su da abin shaida. Launin ƙafa, wanda ya kan taimaka, ya kan dushe in fata ta bushe. Aka daɗe ana gardama ko iri ɗaya ne ko da yawa, kowane malami da lissafinsa. Ba sakaci suka yi ba. Shaidar da su ke nema ba ta cikin akwatinsu, gama gawa ba ta kuka.

A 1964 wani Bajamushe, Jürgen Nicolai, ya bayyana abin da ya ji ga waɗanda ya ke kiwo a keji. Tsuntsun shuni ba ya yin sheƙa. Macen ta kan saka ƙwanta cikin sheƙar wani ƙaramin tsuntsu, a ƙyanƙyashe shi tare da 'ya'yan gida, zanen da ke cikin bakinsa kuma ya yi kama da nasu, har masu gida su ciyar da shi ba su gane ba. In namiji ya girma sai ya riƙa cusa kukan marikansa cikin nasa. Watau wanda ya kasa kunne ya ji kukan, ya san gidan da aka goye shi. Wanda aka fi gani a Kano, Vidua chalybeata, mai jan ƙafa, agolan ɗan jan tsuntsun nan ne mai tsince-tsince a tsakar gida, Lagonosticta senegala.

Cikin shekarar nan ta 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya. Mujallarta ce ta zama Malimbus a 1979, inda R. E. Sharland da R. Wilkinson suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a 1981.

Wanda ya kai maganar Nicolai gona da daji shi ne Robert B. Payne, Ba'amurke, wanda ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Michigan. A 1968 ya zo Arewa da na'urar ɗaukar murya. Aikin na haƙuri ne, ko da ya ke tsuntsun ya kan sauƙaƙa shi, domin namiji ya kan zaɓi itace guda ya wuni a kansa yana kuka. Sai a ɗauki muryar, a mai da ita zane a takarda, a gwada da muryoyin tsuntsayen da ke wurin. Mai nazarin harshe zai ga sana'arsa a nan, don haka a ke rarrabe karin Sakkwato da na Kano, ta kunne, ba ta fuskar mai magana ba. Da wannan Payne ya nuna, a 1982, cewa waɗansu da a ke ɗauka ɗaya ne iri dabam-dabam ne, kowane da marikinsa.

Abin da ya fi ban mamaki ya faru a duwatsun Jos. Akwai tsuntsun shuni a can, Vidua maryae, wanda kukan aronsa bai zo daidai da na wani tsuntsu da aka sani ba. Payne ya bi sawun kukan har ya kai ga mai shi, wani jan tsuntsun duwatsu da masana ba su taɓa sa wa suna ba, ya bayyana shi a 1998 da sunan Lagonosticta sanguinodorsalis. An ji harshensa a bakin agola kafin a san shi. Har wa yau Payne ya gwada a keji: ya ba wani tsuntsu baƙo, na Asiya, riƙon 'ya'yan tsuntsun shuni. Mazan suka tashi da kukan baƙon, matan kuma suka fi son masu wannan kuka, suka saka ƙwai a sheƙar baƙon. Kukan dai koyo ne, ba gadon jini ba, kuma shi ke yanke wa kowa abokin aure. Ta haka a ke jin irin suka rarrabu tun asali.

Saura maganar suna, wadda ta fi shafar wannan sashe. Cikin sababbin irin na 1982 akwai biyu da aka raɗa wa sunan Ingilishi daga gaisuwar ƙasar nan. Vidua raricola ya sami Jambandu, daga gaisuwar Filani ta tambayar lafiyar jiki. Vidua larvaticola, wanda aka bayyana daga samfurin Zariya, ya sami gaisuwar Hausa, amma littattafai suka yi shekaru suna rubuta ta Baka. Bahaushe in ya ga wannan, abin harbi zai fahimta, ko kuwa maganar baka. Daga baya aka mayar da harafin da ya faɗi, jerin sunayen tsuntsayen duniya suka koma rubuta Barka.