Tarihin Motsa Jiki a Cikin Ɗaki, da Haƙƙin Gaɓar da Ta Ji Ciwo

Akwai wani yaro ɗan maƙwabcina, wanda na sani tun ana goyon sa, da ya ɗauki al'adar shiga zauren gidansu bayan sallar asuba, ya jingina wayarsa da buta, ya yi ta bin wani Ba'amurke da ke tsalle a cikinta yana ƙirga masa, har gumi ya jiƙa tabarma. In la'asar ta yi kuma ya rataya takalmansa a wuya ya nufi filin ƙwallo, kamar yadda ya saba tun yana firamare. Ba a yi mako huɗu ba na gan shi yana ɗingishi, gwiwarsa ta dama ta kumbura har ƙoƙon ya ɓace. Na ce masa, “Ɗana, me ya hana ka ajiye tsallen nan har ƙafar ta lafa?” Ya ce, “Baba, ai kwana casa'in ne, in na tsallake rana ɗaya na ɓata lissafin.” Wannan amsa ta daɗe tana damuna, domin wanda duk ya bibiyi asalin wannan al'ada ta horar da jiki a gida, ba malami a tsaye ba fili, zai tarar galibin waɗanda suka kafa ta majinyata ne ko masu kula da majinyata, kuma sassauta wa gaɓar da ta ji ciwo yana cikin rukunanta na farko tun kafin a san wani abu wai shi lissafin kwana casa'in.

Hukama'un da suka gabata ba su bar wannan mas'ala ba. Ibnu Sina, wanda ya kammala littafinsa Alƙanun a ilimin ɗibbu a shekarar 1025, da ya zo babin kiyaye lafiya sai ya gabatar da riyala, wato motsa jiki, a kan abinci da barci, ya kuma fassara ta da motsin da mutum ke yi da ganin damarsa har numfashinsa ya ƙaru ya yi zurfi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan fasali shi ne yadda ya damu da lokacin tsayawa kamar yadda ya damu da lokacin farawa: ya ce a lura da launin fata, da saukin motsi, da cikar gaɓoɓi, muddin suna kyautatuwa a ci gaba, da zarar sun fara komawa baya kuwa a dakata. Ga wanda zazzaɓi ya raunana ya zaɓa masa motsi mai taushi irin na lilo. Ga mai rauni a wata gaɓa kuma ya yi hukunci cewa kada a ɗora wa wannan gaɓar wahala, har ya buga misali da mai kumburin jijiyoyin ƙafa, ya ce ya rage aikin ƙafafu ya mayar da himmarsa ga wuya da kai da hannuwa. Mai karatu da ya zauna gaban malamin fiƙihu ba zai ji baƙuncin wannan ba, domin shi ne ruhin rangwamen da shari'a ta yi wa mai uzuri, wanda ya kasa tsayuwa ya yi sallarsa a zaune ba tare da an ce ya bar salla ba.

Amma mayar da motsa jiki wani tsari rubutacce da ma'aikaci zai saya ya bi shi kaɗai a ɗakinsa, wannan aikin Turai ne, kuma wanda ya fi kowa shahara da shi a farkon ƙarni na 20 wani mutumin Danmak ne, Jørgen Peter Müller, da aka haifa a 1866. Ya tashi yaro rarrauna mai yawan laulayi, ya gina jikinsa da kansa har ya zama gwani a wasanni da dama, ya yi aikin soja, daga baya ya yi aiki a wani gidan jinyar masu tarin fuka. A 1904 ya fitar da ɗan littafinsa Mit System, ma'ana tsarina, wanda ya ƙunshi motsi goma sha takwas da za a gama cikin minti goma sha biyar: takwas kafin wanka, sa'an nan wanka, sa'an nan goma na murza fata da tafin hannu, duka ba tare da sayen ko ƙarfe guda ba. An fassara shi zuwa harsuna fiye da ashirin, kuma marubucin nan Franz Kafka na birnin Prag yana cikin waɗanda suka lizimce shi shekara da shekaru a gaban buɗaɗɗiyar taga. Manufar Müller huhu ce da ciki da fata, bai ɗauki kumbura damatsa a bakin komai ba, ya kuma jera motsin daraja-daraja domin mai rauni ya fara da mai sauƙi. A ganina hikimar wannan rubu'in sa'a ita ce tana barin mutum da sauran ƙarfi, ta yadda mai tuƙin kwalekwale ko mai gudu zai yi ta da safe ya kuma je ga wasansa da yamma bai ci bashin jikinsa ba.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu, da yake sun tara dubban samari masu raunuka a wuri guda, su ne suka mayar da wannan hikima ilimi mai ƙa'ida. Joseph Pilates, Bajamushen da Ingila ta tsare a lokacin yaƙi na farko a tsibirin Man, ya koyar da 'yan'uwansa tsararru motsin da ake yi a kan shimfiɗa. Da ya koma New York a shekarun 1920 kuwa, 'yan rawa masu targaɗe da ciwon baya ne suka cika masa ɗaki, kuma su suka yaɗa sunansa. Sai dai wanda ya kamata a tsaya a kansa shi ne Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka da aka tura asibitin Gardiner na Shikago a 1944. Shi kansa a ƙuruciyarsa wani zazzaɓi mai taɓa gaɓoɓi da zuciya ya kwantar da shi, likitoci suka hana shi wahala, amma ya farfaɗo da jikinsa ta hanyar ɗaga ƙarfe. Da ya tarar da sojoji masu ciwon gwiwa suna shafe watanni a gado ana lallaɓa su da hutu da ɗan motsi marar nauyi, cinyoyinsu na ta ramewa, sai ya ɗaura musu takalmin ƙarfe mai nauyi ya sa su miƙe ƙafa da shi. Sirrin aikinsa yana ga mizani: ga kowane majinyaci sai an fara gano nauyin da zai iya ɗagawa sau goma ba ƙari, a yi aiki da shi, a sake aunawa bayan mako, in tsoka ta ƙara ƙarfi a ƙara mata kaya daidai gwargwado. Ya wallafa sakamakon a 1945, kuma a 1948, shi da abokin aikinsa Arthur Watkins, suka taƙaita tsarin zuwa zagaye uku na goma-goma, na farko da rabin nauyin, na biyu da kashi uku cikin huɗu, na uku da cikakkensa. Wannan “uku sau goma” da samarinmu ke ƙirgawa a lungu, suna ɗaga sandar ƙarfe mai gwangwanayen siminti a gefe biyu, daga ɗakin jinya ta fito, ko da yake ƙalilan ne cikinsu suka san haka. Darasin DeLorme fuska biyu gare shi, kuma duka biyun sun shafi ɗan maƙwabcina: gaɓar da ta ji ciwo ba ta warkewa da kwanciya kawai, ba kuma ta warkewa da nauyin da aka auna domin wani.

Mafi adalcin tsarin gida da na sani shi ne wanda rundunar sojan sama ta Kanada ta fitar a 1961 da sunan 5BX, wanda Bill Orban ya tsara domin matuƙa jirgin da ke zaune a sansanoni masu nisa inda babu ɗakin atisaye. Motsi biyar ne cikin minti goma sha ɗaya, an shimfiɗa su a alluna shida, kowane allo da matakai goma sha biyu, kuma sharaɗin farko shi ne kowa, komai jin ƙarfinsa, ya fara daga matakin ƙasa. An ƙayyade wa mutum mafi ƙarancin kwanakin da zai yi a kowane mataki gwargwadon shekarunsa, matashi kwana ɗaya, wanda ya haura sittin kwana goma, amma ba a yanka masa ranar gamawa ba. Wanda kuma gudu a tsaye wuri ɗaya bai yi masa ba an ba shi izinin musanya shi da tafiya ko sassarfa a waje. Likitocin da suka zo daga baya sun soki wasu daga cikin motsinsa, musamman tashi zaune da ƙafafu a miƙe, saboda yana takura wa ƙugu, kuma sukar tana kan hanya. Amma ginin tsarin, wato a hau tsani da saurin da jiki ya yarda, har yau ba a kawo abin da ya fi shi ba.

Da bidiyo ya shigo gidaje sai al'amarin ya sauya kama. Jane Fonda, 'yar fim ɗin da kaset ɗinta na 1982 ya buɗe wannan kasuwa, ita ma karayar ƙafa ce ta raba ta da rawar da ta saba ta kai ta ga wannan hanya. Kuma yawan ciwon ƙwauri da gwiwa da masu tsalle-tsalle suka yi ta samu a shekarun nan shi ya haifar da salon da ƙafa ɗaya ba ta barin ƙasa. Wajen 2005 kamfanin Beachbody ya fitar da P90X na Tony Horton: faifai goma sha biyu, kwana casa'in, kwana shida a mako, kusan sa'a guda kullum, akwai ranar ɗaga nauyi, da ranar tsalle zalla, da ranar miƙe jiki mai cin minti casa'in. A 2009 Insanity na Shaun T ya biyo baya da kwana sittin na tsalle da haki, hutu kaɗan. Gaskiya ɗaya ce, masu waɗannan tsare-tsare ba su yi sakaci gaba ɗaya ba, domin sun sa gwajin da za a yi kafin a fara, sun sa makon sassauci a ƙarshen kowane zango, sun yi gargaɗin a nemi shawarar likita, kuma sau da yawa akwai wani a gefen malami da ke nuna siga mai sauƙi. Aibin yana ga jadawalin kwanakin da ake mannawa a bango, wanda aka rubuta domin mutumin da ba shi da tsohon ciwo kuma ba shi da wani wasa sai wannan, ya kuma mayar da kwanaki wani bashi da mai bi yake jin kunyar kasa biya. Malamin da ke cikin faifai ba ya ganin fuskar ɗalibinsa, bai san ya buga ƙwallo jiya ba, bai san ƙasan zauren siminti ne ba.

Tsallen da ya kumbura gwiwar yaron nan yana da nasa asali. Yuri Verkhoshansky ne ya inganta shi a Tarayyar Sobiyet a shekarun 1960 domin 'yan wasan da suka riga suka ƙoshi da ƙarfi, yana ba su shi da awo, da kwanakin hutu a tsakani. A wancan zamani kuma Lev Matveyev ya bayyana ƙa'idar raba shekarar ɗan wasa zuwa lokacin shiri, da lokacin gasa, da lokacin saukewa, saboda jiki ba ya ɗaukar tsanani biyu a lokaci guda. 'Yan dambe da 'yan kokawarmu ma da kaka suke fita fage, bayan an ajiye fartanya, ba a tsakiyar noma ba.

Abin da wannan tarihi ya wajabta wa mai bin irin wannan tsari a fili yake. Ranar da ya buga ƙwallo ta riga ta zama ranar tsallensa, sai ya goge wadda ke jikin takarda, ya kuma nisanta aikin cinya daga jajiberin wasa. In gwiwa ce ke ciwo ya bi fatawar Ibnu Sina ya koma ga kafaɗu da baya da ciki, in kafaɗa ce ya koma ga ƙafafu, sa'an nan in kumburi ya sauka ya dawo wa gaɓar da mizanin DeLorme, daga abin da take iya ɗauka yau, a ƙara kaɗan mako mai zuwa. Ya kuma koyi rarrabe tsamin jiki, wanda ke sauka a naman tsoka kwana ɗaya ko biyu bayan aiki ya tafi da kansa, da sukar da ke cikin gaɓa ita kanta, mai ƙaruwa da kowane maimaici. Ɗan maƙwabcina, bayan mahaifinsa ya kai shi wajen masu gashin ƙashi a asibiti, ya bar tsalle mako shida yana aikin sama kawai, kuma ya kammala tsarinsa a wata na biyar maimakon na uku.

Ina roƙon 'ya'yanmu masu wannan himma, da iyayen da ke jin dirin ƙafafunsu daga zaure, su riƙe alamomi uku da ba a jinkiri a kansu. Gwiwar da ta kumbura nan take bayan an ji ƙara a cikinta, da gwiwar da ke maƙalewa ko take kuɓuce wa mai ita yana tafe, da fitsarin da ya koma launin baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani tare da ciwon tsoka da kumburi, wanda alama ce ta tsoka ta farfashe har tana barazana ga ƙoda: duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya kashe wayar ya tafi asibiti a ranar.