Daga adaka zuwa harsashi: tarihin bindigogin da ke rataye a zaurukanmu

Kwanan nan muna yawan jin matasan mafarautanmu na Mayo Gwoi suna zancen kai wa maƙeri tsohuwar adaka ya juya ta ta riƙa cin harsashi. Wannan dabara tana da tarihi, kuma ya kamata mu san shi.

A 1866 gwamnatin Ingila ta rasa yadda za ta yi da tarin bindigoginta na Enfield, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Sai ta ɗauki dabarar wani Ba'amurke, Jacob Snider: a yanke gindin bututun, a sa masa ƙofa mai buɗewa. Irinta ce daga baya ta zo hannun Hausawan da Glover ya fara ɗauka aikin soja a Legas a 1863. A Amurka ma kamfanin Colt ya juya ƙananan bindigoginsa na hannu zuwa masu harsashi a farkon shekarun 1870.

Kakanninmu kuwa an rufe musu wannan ƙofa. Yarjejeniyar Burasil ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigar zamani, ta bar musu mai ƙanƙara. Garinmu ma ya ga bambancin: da makaman Bafaranshe Mizon Sarkin Muri Muhammadu Nya ya ci Kona a 1892, a 1893 aka kafa Jalingo.

Abin da matasa ba su lura da shi ba, su Snider a masana'anta suka yi aikinsu, ana gwada kowane bututu, kuma harsashinsu na baƙin albarushi ne. Na kasuwa yanzu garinsa marar hayaƙi ne, irin wanda aka fara yi a Faransa a 1884, ƙarfin bugunsa ya fi abin da tsohon ƙarfe zai ɗauka. In bututu ya tsage, hannu da idon mai harbi ne kusa da shi.

Ga kuma doka. Dokar bindigogi ta 1959 ta ba adaka nata lasisi daban. Da zarar ta koma cin harsashi ta fita daga wannan aji, takardar da ke aljihun mai ita ba za ta kare shi ba. Ƙaramar bindigar hannu kuwa, ko ta albarushi ce, sai da izinin Shugaban Ƙasa.