Naktayi, Lifidi da Bargon Ƙyallaye: Tarihin da ke Cikin Tsumma

  

Da aka nemi in rubuta wani abu game da tarihi don wannan fitowa, na so in ɗauko labarin sarakuna kamar yadda aka saba. Sai dai wani abu da ya faru a gidanmu ya karkatar da ni. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifina, wanda ya yi aikin akawu a tsohuwar Jihar Kano, sa'an nan aka mai do shi Dutse da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Ranar rabon gado an yi wa kome kuɗi, manyan riguna da huluna da agogo, har da tsohuwar rediyo. A can ƙasan adaka kuma aka tarar da naktayi guda 14, wato ƙyallen nan da masu sa kwat ke ɗaurawa a wuya. Mai yin kuɗin ya juya su ya ajiye, ya ce wannan ba shi da kasuwa. Kafin la'asar na ga yara sun ɗaure ɗan akuya da guda ɗaya. Sai na nemi izinin sauran magada, na tattara su na tafi da su, ba tare da na san abin da zan yi da su ba. Neman sanin abin yi shi ya kai ni ga tarihin da zan ba ku.

Asalin naktayi daga sojoji ne. A lokacin Yaƙin Shekara Talatin na Turai, daga 1618 zuwa 1648, akwai sojojin haya 'yan ƙasar Kuroshiya da suka yi wa Faransa aiki, suna ɗaura ƙyalle a wuya. Faransawa suka gani suka ɗauka, suka kira shi “cravate”, daga sunan mutanen. Maƙwabtanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci har yau haka suke kiran sa. Daga baya Ingilishi suka mai da shi alamar makaranta, kowace da launinta, kuma ana danganta farkon wannan ga ɗaliban Kwalejin Exeter ta Jami'ar Oxford a 1880. Irin wanda muka sani yanzu kuwa, wani tela ne na birnin New York, Jesse Langsdorf, ya yi wa tsarinsa rajista: a yanka yadi a karkace, gida uku, a haɗa.

A nan ƙasarmu naktayi bai taɓa zama ɗan gida ba. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, duk da riga da hula ɗalibansu suka yi karatu. Naktayi ya fi zama tufar akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da suka biyo dogo bayan ya iso Kano a 1911. Saboda haka Bahaushen da ya ɗaura shi, aiki ne ya sa shi, da ya dawo gida kuma sai ya tuɓe. Wannan shi ya sa ranar rabon gado ba a san kuɗin da za a yi masa ba.

To amma a Amurka ba a yar da shi. Bayan babban baje kolin da aka yi a Filadelfiya a 1876, matan ƙasar suka shiga yayin harhaɗa guntayen siliki masu launi iri-iri suna ɗinka bargo, suna sa har da tsofaffin naktayin mazajensu. Al'adar ta ɗore har yau. Idan uba ko miji ya rasu, sai a farke naktayinsa a ɗinka bargo ko rigar matashi, a ajiye don tunawa. Da na karanta wannan sai na ce lallai Turawa sun iya dabara. Da na ƙara bincike kuwa, sai na ji kunya, domin mun daɗe da irin wannan ɗinki tun kafin a san da ƙasar Amurka.

Ku tuna da lifidi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke don yaƙi. Mene ne lifidi in ba bargo ba? Yadi ne sama da ƙasa, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da allura a ɗinke sosai don kada cushen ya taru wuri guda, sa'an nan a ƙawata bayansa da ƙyallaye masu launi. Ana sa wa doki, mahayi ma ya sa nasa, kibiya ta zo ta maƙale a cikin auduga ba ta kai ga fata ba. Aibinsa biyu ne, nauyi da saurin kama wuta. A zamanin da Ɗantunku ya ƙi yin mubaya'a ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo a 1819, aka yi ta gwabzawa har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar wa Kazaure da cin gashin kanta a 1824, 'yan lifida na cikin ƙarfin kowace babbar runduna ta ƙasar Hausa. Yau sai a hawan Sallah muke ganin su, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Muna kallon doki da mahayi, ba ma tuna wanda ya zauna da allura.

Akwai kuma rigar faci. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, yana Halifa yana sa tufa mai faci. A Sudan, mabiyan Muhammad Ahmad, wanda ya yi da'awar Mahadi a 1881, sun ɗauki jibba mai faci a matsayin alamar gudun duniya. Da tafiya ta yi nisa sai facin ya koma ado, ana yanka shi daidai wa daida da launuka, har ya zama kayan sojan rundunar da ta fafata da Ingilishi a Omdurman a 1898. Labarin bai tsaya can ba, domin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, yana cikin waɗanda suka bi wannan kira.

In muka dawo cikin gida, masaƙanmu maza ba su saba saƙa yadi mai faɗi ba. Zugu suke saƙawa siriri, sai an jera an ɗinke kafin a sami gwado ko luru ko babbar riga. Turkuɗin Kura ma haka ne, sirara ake haɗawa. Iyayenmu mata kuma kan karɓo ƙyallaye daga wurin tela su haɗa shimfiɗar jariri. Ashe naktayi, da yake siriri ne dogo, bai fi ƙarfin hannun da ya saba da zugu ba.

Da wannan tunani na kai kayan wurin wani dattijon tela a nan Kazaure. Ya yi dariya, ya ce, “Yaro, shekara arba'in ina ɗinki, ba a taɓa kawo mini wannan ba.” Amma ya karɓa. Ya farke kowanne, ya zare ƙyallen da ke ciki, ya wanke ya goge, sai ga shi faɗinsa ya ninka. Da yake yankan a karkace yake, yadin yana miƙewa a ƙarƙashin keke, don haka sai da ya liƙa kowane yanki a kan farin yadi mai ƙarfi. Ya jera su kai da ƙafa, mai faɗi kusa da siriri, ya sa auduga kaɗan a tsakiya, ya bi da ɗinki irin na lifidi. Abin da ya fito ɗan bargo ne da bai wuce rufe gwiwa ba.

Na kai wa mahaifiyata. Ta yi shiru tana shafawa, sa'an nan ta fara nunawa. Ta ce wannan shuɗin a kasuwar Sabon Gari ya saya da zai je ganawar neman aiki, kuma rance ya ci. Wannan mai ratsin shi ya ɗaura ranar da ya fara zuwa ofis a Dutse, lokacin da ma'aikata ke kwana a ɗaki guda don ƙarancin gidaje. Wannan ja kuwa, da shi ya zo makarantarmu ranar da aka kira shi saboda na tsallake katanga, abin da wasunku ba za su manta ba. A daren nan na ji labarin mahaifina fiye da abin da na ji a shekara talatin. Da ɗan akuyan nan ya cinye su, da labarin ya tafi ke nan.

Wannan ya kawo ni ga roƙona. Ya 'yan'uwa, ina kayan makarantarmu? Ina bajon da ke aljihun riga, ina rigunan wasanni na gida-gida, ina naktayin malamanmu da suka zo daga Kudu da masu yi wa ƙasa hidima? Daga ajinmu kaɗai mun binne mutum fiye da ɗaya, kuma in ba a yi wani abu ba, nan gaba sunayensu ma sai sun gagare mu. Shawarata ita ce a taronmu mai zuwa kowa ya zo da ƙyalle guda, nasa ko na wani mamaci, bisa yardar magadansa. A ba telolin garin nan su haɗa, a buɗe littafi a rubuta mai kowane yanki da shekarar da ya gama, a rataya a ɗakin karatu na makaranta.

Na san wani zai ce wannan kwaikwayon Turawa ne, ko ya ji tsoron kada a ɗauke shi abin neman tabarruki. Tsumma ba ya amfanar mamaci, addu'a da sadaka su ke isa gare shi. Amma wanda aka manta da shi, wa zai yi masa addu'a? Batun kwaikwayo kuwa, Kanajeji ya amsa shi tun shekara 600 da suka wuce. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya bar zumunci. Wassalam.