Peugeot 504: Yadda Ake Farfaɗo Da Tsohuwar Mota A Yanayin Maiduguri

Farfaɗo da tsofaffin motoci sha'awa ce ta maido da mota kamar yadda ta fito daga masana'anta, sannan a ci gaba da kula da ita domin tarihinta. Ƙungiyar FIVA, mai kula da harkar a duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30 kuma an adana ta a kan asalinta. A Maiduguri da sauran biranen Arewa, motar da ta fi dacewa da wannan ma'auni ita ce Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo.

Asalinta

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, kuma ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. A wannan shekarar aka ƙaddamar da samfurinta mai ƙofa biyu da kuma mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara. Ta yi suna a fagen tsere: Ove Andersson ya lashe gasar Safari ta Kenya da ita a 1975, Jean-Pierre Nicolas kuma ya sake lashewa a 1978 da mai ƙofa biyu.

A 1975 masana'antar PAN ta fara harhaɗa motoci a Kaduna, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da daina ƙera ta. Ita ce motar jami'an gwamnati, ita ce kuma ta yi shekaru tana jigilar fasinjoji tsakanin Maiduguri da Kano.

Matakan gyara

Aikin yana farawa da duba ƙarfen jiki, musamman dabe da gindin ƙofofi, domin tsatsar da ta ci gindin mota ta fi lalacewar inji wuyar magani. Mai walda kan yanke ruɓaɓɓen wuri ya dasa sabon ƙarfe kafin a kai ga fenti. Daga nan bakanike ya sauke inji, ya wanke kafireta, ya sabunta birki da wayoyin lantarki. Kujeru da ado su ne na ƙarshe. Wanda ya fara da fenti ya gina ne a kan rairayi.

Abin da yanayi ke yi mata

Zafin Maiduguri kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Yana busar da robobi, ya tsattsage kujeru, ya sa inji tafasa idan lagireto ya toshe. Ruwan rijiya ko na burtsatse kan bar ƙanzo a cikin lagireto, shi ya sa ake son ruwan sanyaya inji na musamman. A lokacin hunturu ƙura kan cika matatar iska, sai a yawaita share ta da sauya baƙin mai. Motar da aka jingine ma tana lalacewa, domin fetur kan daskare a kafireta, batir kuma ya mutu.

Ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta nutsar da ababen hawa da dama a birnin. Ƙa'ida ita ce kada a tayar da injin da ruwa ya shiga sai an cire fulogai an tsiyaye mai, domin ruwa ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa ƙarafan cikin inji.

Abin da ke neman ƙarewa

Kayan gyara na asali suna ƙaranci, ana kuma nemo su a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Kowace 504 da aka sayar wa 'yan gwangwan ta tafi ke nan da kayan da za su ceci wata. Kanikawan da ke saita kafireta da kunne suna tsufa, yayin da matasa suka karkata ga motocin da ake bincika da kwamfuta. Muddin ba a koyi sana'ar daga hannunsu ba, motar za ta saura, amma mai tayar da ita zai yi wuya.